Tayar Baya

Ruwan bai yi ƙarfi ba a safiyar. Yayyafi ne irin na marka, mai jiƙa mutum a hankali, amma ya isa ya mai da kwalta kamar an shafe ta da miyar kuɓewa. Mani ya taso daga kwata, mayankar gari, da nama ɗaure a bayan mashin, ya nufi Arkilla inda masu gidajen abinci ke jiransa. Yana shiga wata kwana ya ɗan taɓa birki, sai ya ji bayan mashin ɗin ya yi gefe guda kamar wani ne ya ture shi. Ya sauke ƙafafu yana jan su a ƙasa har ya samu ya tsaya. Wani mai keke napep da ke bayansa ya leƙo ya auna masa zagi, ya wuce.

Ya sauka ya tsuguna, ya shafa tayar baya. Sumul take. Zanen jikinta duk ya cinye, a tsakiya har zare ya fara leƙowa.

Mashin ɗin ba nasa ba ne. Na baffansa ne, Alhaji Uba mahauci, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensa. Amma Mani ne ke hawansa kullum, daga kwata zuwa rumfa, daga rumfa zuwa gidajen masu oda, rani da damina. Ba a biyansa albashi. Ɗaki aka ware masa a gidan Baffa da ke Ƙofar Rini, shi da matarsa Ikilima da 'yar jaririyarsu Humaira, suna ci daga tukunyar gida, a yi musu ɗinki da Sallah.

A hanyar dawowa ya tsaya a unguwar Gidan Igwai, a shagon Tambari mai sai da taya da faci. Tambari ya juya tayar da hannu sau ɗaya, ya ɗago ya dube shi.

"Mani, da wagga kake yawo cikin ruwa? Wagga ko a rani sai da addu'a."

"Ita nika so a canza. Wace iri ka gani?"

Tambari ya shiga ciki ya fito da guda biyu ya jingina su a benci. Ya ƙwanƙwasa ta farko. Ya ce wannan robarta tauri gare ta, tana daɗewa ba ta cinye ba, 'yan kabu-kabu na son ta, amma idan kwalta ta jiƙe ba ta kama ƙasa sosai. Ya ɗauki ta biyun ya miƙa masa. Ta fi laushi, zanenta zurfi gare shi, ya karkata zuwa gefe da gefe.

"Ka ga waɗanga ramukka? Su ka kore ruwa daga ƙarƙashi. Ta fi tsada, kuma ba ta kai waccan daɗewa ba. Amma kai da ka ɗaukar kaya masu nauyi cikin marka, ita ta dace da kai."

Mani ya tura ɗan yatsa cikin ramin zanen, ya ga ya nutse. Ya daɗe yana juya ta. Ya yi tambaya a kan wasu tayoyi da ya gani jibge a bayan shago, Tambari ya yamutsa fuska. Ya ce tsofaffi ne, wasu kan saya su ƙara musu zane da ƙarfe mai zafi su sayar kamar masu sauran rai, shi kam ba ya sa wa kowa irinsu.

Bayan la'asar Mani ya sami Baffa a zaure yana kishingiɗe, rediyo na magana a gefensa. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya yi bayani a tsanake, har da abin da ya faru da safe.

Baffa bai ko tashi zaune ba. "Tayar tana riƙe iska?"

"Tana riƙewa, Baffa."

"To mi kake nema? Taya ai iska ta ka tahiya da shi, ba zane ba. Ku yaran yanzu komai sai sabo. Tambari ɗan kasuwa ne, in ka biye mishi mashin ɗin gaba ɗaya zai ce a canza."

"Baffa, santsi ne. In na taka birki ba ta tsayawa."

"Sai ka rage gudu. Bari a ga bayan kasuwar Achida, shanu sun yi tsada."

Aka ci kasuwar Achida, aka sake ci. Mani ya ƙara tuntuɓa, Baffa ya ce ai damina ta kusa wucewa. Damina kuwa lokacin ta zauna da gindinta. Kullum gari ya waye da hadari, lungunan Ƙofar Rini suka cika da laka, hanyar kwata ta zama taɓo da jini da kashin shanu. Mani ya koma tafiya kamar mai koyon mashin, ƙafafu a sake, kafaɗu a ƙame. Idan ya dawo gida wuyansa da bayansa ciwo suke saboda ɗari-ɗari. Masu gidajen abinci suka fara kiran Baffa a waya suna ƙorafin nama na zuwa a makare. Baffa ya ce masa ya daina tsayawa hira a hanya.

Faɗuwar farko a kusa da wani shataletale ta same shi. Ba gudu yake ba. Wata mota ce ta tsaya a gabansa, ya taka birki, mashin ya kwanta da shi ya ja shi a ƙasa. Fatar hannunsa na dama ta saɓule daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Buhun nama ya yage, rabi ya zube cikin kwatami. Mutane suka taya shi tsincewa, amma mai odar ta leƙa buhun ta ce ba za ta dafa wa mutane wannan ba.

A tsakar gida Baffa ya yi masa faɗa, gaban mata da yara. Ya ce ganganci ne da rashin sanin ciwon dukiya. Hajiya Ashatu, matar Baffa, tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, ta sa baki ba tare da ta ɗago ba.

"Wasu in anka riƙe su gani sukai kamar bashi anka ci musu. Naman mutane a kwatami, ko a jikinshi."

Mani na tsaye jini na ɗiga daga yatsunsa. Babu wanda ya ce masa sannu sai Jafar, ɗan Baffa, wanda ya gama karatu yana zaman jiran aiki. Shi ma a hankali ya faɗa, ya shige ɗakinsa.

Ikilima ta dafa ruwa ta zuba gishiri ta wanke masa ciwon. Tana tsince tsakuwa daga cikin naman hannun, hawaye na zubo mata, shi kuma ya cije leɓe.

"Baban Humaira, a sai da akuyata a sayi tayar ga."

"Akuyar da Innarki ta ba ki?"

"Akuya nika so ko kai? In ka mutu bisa kwalta, akuyar za ta riƙe mu?"

Kwana biyu yana juya maganar, sannan ya je wa Baffa da ita cikin ladabi, ya ce in an yarda shi zai sa tayar da kansa. Bai taɓa ganin Baffa ya fusata kamar ranar ba. Ya tashi zaune, ya kashe rediyo.

"Wato so kake a ce a Ƙofar Rini Alhaji Uba ya kasa sayen taya, sai da surukarshi ta sai da akuya? Tona mini asiri za ka yi a kwata? To ban yarda ba. Mashin nawa ne, ni ka yi mishi hidima."

Washegari da yamma sai ga Baffa da taya a hannu, baƙa wuluk tana sheƙi. Ya jefa ta gaban Mani a tsakar gida, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ga ta nan. Sai a bar ni in huta."

Mani ya ɗauka ya yi godiya. Yana juya ta gabansa ya faɗi. Baƙin mai aka shafa mata. Zanen a karkace yake, wani wuri faɗi wani wuri siriri, gefensa duk alamar ƙuna. Ya danna tsakiyarta da babban yatsa, ta lotsa kamar fatar ganga. Ya kai wa Tambari, Tambari ya mayar masa, ya ce hannunsa ba zai sa wannan ba, ya je ya gaya wa Alhaji gara tsohuwar. Mani bai iya komawa da wannan saƙo ba. Wani mai faci a bakin kasuwa ya sa masa ita ba tare da tambaya ba.

Daga ranar bakinsa ya rufu. Ko ya ce uffan, amsar a shirye take: ba an saya maka taya ba?

Ana cikin haka aka kawo babbar oda, naman suna a wani gida a Arkilla, kusan rabin bijimi. Tun asuba ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mani ya dubi sama, ya dubi motar Jafar da ke fake a rumfar ƙofar gida an lulluɓe ta da tampol. Ya sami Baffa yana shan kunu.

"Baffa, kayan yau da nauyi, ga ruwa. Ko Jafar zai taimaka da mota, yau kaɗai? Zan shimfiɗa leda."

Jafar da ke gefe ya ce, "Ba komai, Baba, sai in kai shi."

Hajiya Ashatu ta fito daga ɗaki da sauri. "Wace mota? A zuba mata jini da ƙarni, yaro ya rasa inda za shi ɗauki abokanai? Kuma ta shiga taɓon kwata ta maƙale? Mi anka aje mashin dominai?"

Baffa ya kurɓi kunu. "Ka ji. Ɗaure da kyau ka tahi a hankali. Ruwa ba ya kashe mutum, sai kwana ya ƙare."

Ikilima na tsaye a ƙofar ɗakinsu da Humaira a kafaɗa. Ta miƙa masa ledar da yake rufe jiki da ita, ta riƙe gefenta kaɗan kafin ta saki.

Ya ɗauki naman a kwata, ya ɗaure shi tamau. Nauyin ya danne bayan mashin har gaban na neman ɗagawa. Ya fita titi yana lallaɓawa, ruwa na dukan idanunsa. Ya wuce cunkoson gari lafiya, har ya fara jin sanyi a ransa. A wata 'yar gangara kafin Arkilla, inda ruwa ya rufe wani rami, tayar baya ta faɗa ciki ta fashe. Ya ji ƙarar, ya ji mashin ya juya da shi, sai ga shi kwance a tsakiyar titi, nauyin mashin da na nama duk a kan ƙafarsa ta hagu. Da mutane suka ɗaga, ya ga ƙafar ta kalli inda ƙafa ba ta kallo.

Wani mai keke ya kai shi asibiti. Baffa ya iso jiƙe da ruwa, ya tsaya a kansa ya yi salati. Tambayarsa ta farko ga mai keken ita ce ina aka bar naman.

Likita ya duba hoton ƙashi, ya ce karayar ta yi muni, ƙashi ya tsage gida-gida kuma akwai rauni a buɗe, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Baffa ya sunkuyo kusa da Mani ya yi magana da murya mai taushi, irin wadda bai saba ji daga gare shi ba.

"Waɗanga yanke ƙafa ne aikinsu. Mu da munka gaji ɗori tun kakanni? Akwai wani maɗori da na sani, sati kaɗan za ka miƙe."

Mani na cikin azaba, bai iya gardama ba. Aka sa hannu aka fitar da shi. Maɗorin ya ja ƙafar har Mani ya suma, ya jera karare ya ɗaure da tsumma tamau, ya ce kada a kwance.

Aka kwantar da shi a ɗakinsa. Kwanakin farko ya yi ta dauriya. Daga baya yatsun ƙafar suka kumbura, suka yi sanyi, launinsu ya fara sauyawa. Zazzaɓi ya rufe shi. Ikilima ta je ta durƙusa gaban Baffa ta ce ƙafar nan ba lafiya, a dubi Allah a mai da shi asibiti. Ya ce haka ɗori yake, sai ya yi zafi yake kamawa. Hajiya Ashatu ta ce raki ne, ita da ta haihu ba ta yi wannan nishin ba.

Oda kuwa ba ta jira mara lafiya. An gyara mashin, kuma babu wanda zai hau sai Jafar, domin mota ba ta shiga hanyar kwata a wannan lokaci. Da hantsi Mani na kwance, tagar ɗakinsa a buɗe ta wajen zaure, sai ya ji muryar Tambari. Baffa ne ya aika aka kira shi har gida.

"Wacce ta fi kama ƙasa cikin ruwa?" in ji Baffa.

"Wagga mai laushin, Alhaji. Sai dai ta fi tsada, kuma ba ta daɗewa kamar..."

"Ban tambaye ka tsada ba. Duba mini shekarar da anka yi ta, kada ka ba ni wadda ta daɗe a aje robar ta bushe. Kuma ta gaban ma a canza, ba a haɗa sabuwa da tsohuwa cikin damina. Ka duba birki. Tub ɗin cikin tayar ma sabo."

Hajiya Ashatu ta leƙo daga soro. "Alhaji, a haɗa mishi da hular kwano da rigar ruwa. Kuma in hadari ya taso kada ya hita, masu nama su jira."

Mani ya rufe ido. Duk tsawon watannin nan yana ba kansa haƙuri da cewa Baffa tsoho ne, bai san sha'anin taya ba, gani yake duk ɗaya ne. Ashe ya sani. Har abin da shi Mani bai sani ba ya sani. Hawaye suka gangaro masa zuwa cikin kunne, bai share ba. Ikilima na zaune a bakin gado tana yi masa fifita, ita ma ta ji komai. Ta ajiye maficin, ta yafa mayafi, ta fita ta kwance akuyarta daga turke.

Kafin azahar ta sayar da ita, ta dawo da mai keke har ƙofar gida. Jafar ne ya taya ta ɗaukar Mani, yana kau da kai saboda warin da ke tashi daga ƙafar. Baffa ya tare su a zaure.

"Ina za ku da shi ba da izinina ba?"

Ikilima, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta dube shi.

"Asibiti, Baffa. In ka hana, zan tsaya a titi in kira mutanen unguwa su zo su shaƙi ƙafar ga."

Baffa ya matsa gefe.

Da aka kwance ɗaurin a asibiti, ma'aikaciyar jinyar ta ja da baya ta toshe hanci. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce ɗaurin ya hana jini gudu, naman ya mutu, kuma abin yana hawa sama. In ana son ransa, sai a cire daga ƙasan gwiwa, yau ba gobe ba. Ikilima ta zauna a ƙasa dirshan. Mani ya dubi silin ya ce a yi.

Bayan kwanaki, da ya fara iya zama, 'yan kwata suka zo dubiya, dattawa da samari, suka cika gefen gadon. Baffa ne ya jagorance su, da babbar riga da ledar lemo. Aka yi addu'a, aka ce ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara ne. Wani dattijo ya ce Mani ya gode wa Allah da ya ba shi uba irin Alhaji, wani marayan da tuni an watsar da shi.

Baffa ya girgiza kai, idanunsa suka kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne. Ya yarda da abin da yake faɗa.

"Wallahi tun da abin ga ya faru ban yi barcin kirki ba. Taya yac ce, na saya mishi. Magani, na nema mishi. Kowa ya sani, yaron ga na riƙe shi kamar ɗan cikina."

Mutane suka gyaɗa kai. Mani ya dubi bargon da ya rufe shi, inda ya tashi a gefen dama ya kwanta shafe a gefen hagu. Tun yana yaro bai taɓa mayar wa Baffa magana ba. Ya ɗago, muryarsa a dishe amma kowa ya ji.

"Gaskiya ne, Baffa. Kamar."

Dattijon da ya yi magana ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Jafar, da ke tsaye a bakin ƙofa da sabuwar hular kwano a hannu, ya mayar da ita bayansa. Baffa ya buɗe baki zai ce wani abu, ya duba fuskokin mutanen da ya zo da su, ya ga babu mai kallonsa. Ya ajiye ledar lemon a kan loka, ya ce lokacin salla ya yi.

Da aka sallame shi, Mani bai koma Ƙofar Rini ba. Gidan iyayen Ikilima aka wuce da shi, aka ba su wani ɗan ɗaki kusa da zaure. Baffa ya aiko sau biyu a ce ya dawo gida, kada ya sa duniya ta zage shi. Mani ya ce a gaida Baffa, a ce masa yana koyon tafiya.